RA'AYINMU: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa makiyaya da fataken bisashe, yau maganarmu a kan yaranmu ne da suka kai ajin ƙarshe na lise.

Kowa ya san wahalar da ake sha kafin ɗan rugga ya kai wannan matsayi. Abin takaici shi ne yaro ya ci jarrabawar Bak, amma ya rasa shiga jami'a saboda takarda ɗaya. Ana yin jarrabawar ne cikin damina, lokacin da uba ya yi arewa da garke. In sakamako ya fito, ba mai sa hannu, ba kuɗin mota, har lokacin ajiye takardu ya wuce.

Abu na farko shi ne takardar haihuwa. Da yawa cikin yaranmu a daji aka haife su, ba a rubuta su ba. Irin wannan sai an je gaban alƙali da shaidu a samo hukuncin da ke tsayawa a madadinta, sannan a nemi takardar zama ɗan ƙasa. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. A kuma duba da kyau: sunan yaro da shekarar haihuwarsa su zo daidai a kowace takarda, har da ta BEPC. Harafi ɗaya in ya saɓa, yana iya maido da yaro gida.

Na biyu, a zauna da yaro a ji abin da yake son karantawa. Bak iri-iri ce. Mai son likitanci ko ilimin noma da kiwo, Bak D ce hanyarsa. Mai Bak A ya fi kusa da shari'a da harsuna. A da, jami'ar gwamnati ɗaya ce a Nijar, wato Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Daga 2010 aka samu ta Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara ta Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. A Yamai da Maraɗi akwai sashen noma da kiwo, a Tawa akwai na shari'a. Makarantar likitocin dabbobi ta Dakar kuwa, wadda aka kafa a 1968, Nijar na cikin ƙasashen da ke da ita.

Na uku, kuɗi. Neman tallafin karatu a hukumar ANAB daban yake da rajistar jami'a, kowanne da takardunsa da lokacinsa. Kuma ko an samu, kada a dogara gare shi a watannin farko. A ware bijimi ko raguna biyu da sunan karatun yaron, a sayar lokacin da suke da ƙiba. Wanda ya jira sai bazara, bisa ta rame, dillali ne zai yanka masa farashi.

Kafin a tashi daga mashekari, a wakilta mutum ɗaya amintacce a gari, a bar masa takardu da lambar waya. Fatake, ku da kuke Yamai da Maraɗi kowane mako, nan ne taimakonku: ku tambayo ranakun rajista, ku nema wa yaro masauki. 'Ya'ya mata ma haka, kada rashin masauki na mutunci ya zama dalilin zamansu gida.

Wasu na cewa boko yana raba yaro da garke. Mu dai mun ga ranar da ake neman mai duba saniya, ko mai karanta takardar shari'a in an toshe burtali. Gara a samu namu a wurin.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya albarkaci dukiyarmu, amin.