Laifin Kare Ko Na Mai Kare?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya zaga unguwannin Gusau da dare zai ji haushin karnuka ta ko'ina, haka nan kuma a Tsafe da Bunguɗu. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Tun da ɓarayin shanu da 'yan fashin daji suka addabi ƙasar Zamfara, kowa yana so in an taɓa masa ƙofa da tsakar dare a sami abin da zai tashe shi. Wannan ba laifi ba ne. Malamai sun halatta riƙe kare don farauta da tsaron gona da na dabbobi, da yawansu kuma sun ba da dama a riƙe shi don gadin gida in bukata ta kama. Abin da ni nake gani laifi shi ne yadda muke riƙon nasa.

Mutum zai samo ɗan kwikwiyo, ya ɗaure shi da sarƙa a gindin dogon yaro, ba ruwa sai in an tuna, ba abinci sai ƙanzon da ya kwana. Wasu har barkono suke zuba masa a tuwo, wai don ya yi zafin rai. To, ya kuwa yi. Ranar da sarƙa ta tsinke, ba ɓarawo zai kama ba. Almajirin da ya zo bara zai kama, ko tsohon da ya fito sallar asuba, ko ɗan maƙwabta. Daga nan sai a ce karen mugu ne, a kashe shi, a samo wani, a sake ɗaure shi a gindin itacen nan.

Ai da mun tambayi mafarauta da mun huta. Maharbin ƙauyukan gindin dutsen Kwatarkwashi bai yi makarantar boko ba, amma da fito ɗaya karensa yake dawowa, ko da yana kan bin zomo. Yaya ya yi? Tun yana kwikwiyo yake yawo da shi, ya sa masa suna, ya kira shi, in ya zo ya jefa masa ɗan abin taɓawa nan take. Kullum haka, har kiran ya zauna masa. Littattafan fiƙihu ma sun daɗe da faɗin siffar kare mai horo, watau wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Masu ilmin dabbobi na zamani sun zo sun tabbatar da abin da maharbi ya sani: kare ba ya haɗa lada ko horo da aikinsa sai in sun zo a daidai lokacin da yake yin aikin. Saboda haka in ka dawo daga makaranta ka tarar ya tattauna maka takalmi tun da hantsi, ka kama dukansa, bai san abin da ya yi ba. Abin da ya koya kawai shi ne dawowarka masifa ce.

Shi taunar takalmin ma ba iskanci ba ne. Kwikwiyo yana sauya haƙora har ya kai wajen wata 6, dasashinsa na ƙaiƙayi. A ba shi abin da zai tauna, a ɗauke takalma daga ƙofar ɗaki. In kuwa bin kaji da awaki ne halinsa, sai a riƙe shi da igiya a wuce da shi ta kusa da su, in ya zabura a tsayar da shi da kalma ɗaya, in ya natsu a yaba masa. Kalmar kada ta sauya. Ba yau Baba ya ce "bari", gobe yaya ya ce "kai", jibi ƙane ya jefe shi da dutse ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wata 3 na farkon rayuwarsa su ne lokacin da ya kamata ya saba da yaran gida da baƙi da dabbobi. Yawan haushin dare kuwa, sau da yawa na karen da ya wuni a ɗaure ne, ƙarfinsa bai sami inda zai tafi ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, watau ƙannenmu ke nan da ke wasa a lungu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Alhali kuwa tun 1885 wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro allurar da ta cece shi, kuma a nan Nijeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa allurar riga-kafi ta karnuka. Kwikwiyo in ya kai wata 3 sai a kai shi asibitin dabbobi a yi masa, a kuma riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. Mai gidan da ya iya sayen sarƙa bai da hujjar ƙin wannan.

In tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, kada a tsaya neman gashinsa a ɗora wa ciwon kamar yadda wasu ke yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a wuce asibiti a ranar don a fara allura. Karen kuma a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce aka ware a duniya don yaƙi da wannan ciwo. Ina roƙon shugaban makarantarmu ya gayyato malamin dabbobi a ranar, a sanar da iyaye tun da wuri, kowa ya zo da karensa a igiya.