Kiɗan Kwamfuta: Ina Namu Salon?



Ranar Asabar na je bikin 'yar maƙwabtanmu, aka saka waƙoƙi kusan goma a jere. Wallahi sai a ta huɗu na gane ashe ana canza waƙa. Bugun ganga iri ɗaya, fiyano iri ɗaya, muryoyin ma duk an gyara su da Auto-Tune har sun zama kamar na mutum ɗaya. Wani dattijo ya ce kwamfuta ce ta kashe kiɗa. Ni a ganina kwamfuta ba ta da laifi, masu haɗa kiɗan ne suka daina wahalar da kansu.

Ga dalilina. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fito da na'urar buga ganga mai suna TR-808. Ba ta yi kasuwa ba, domin sautinta bai yi kama da ganga ta gaske ba, har aka daina ƙera ta a 1983. Da ta yi araha, sai matasan makaɗa a Amurka suka saye ta. Wannan dirin nata mai kauri da aka raina shi suka mayar abin ado, suka gina sabon kiɗa a kansa. Har yau ana jin sa a waƙoƙin duniya.

A nan kusa ma akwai Mamman Sani na Nijar. Ya samu ƙaramin fiyano mai aiki da lantarki, ya riƙa kaɗa sautukan gargajiyar ƙasarsu da shi, ya naɗe su a Yamai a 1978. Kayansa ba su kai wayar da ke aljihun yayyenmu ba, amma duk wanda ya ji ya san nasa ne.

Na san wani zai ce ai da kwaikwayo ake fara koyo. Haka ne, mu ma muna kwafar abin da malam ya rubuta a allo. Amma ranar jarrabawa kowa da kansa yake amsawa. Wanda ya shekara biyar yana sauko da kiɗan wani daga intanet yana ɗora murya, har yanzu yana aji ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, in muka ci gaba haka, ƙannenmu za su tashi ba su san amon kalangu, kuntigi ko gurmi ba.

Don haka ina ba 'yan ajinmu masu gwada haɗa kiɗa shawara. Ku ari waya ku naɗi luguden mata a turmi, ko tafin 'yan gaɗa, ko kalangun mahauta. Ku yanka sautin, ku maimaita shi, ku ɗora kiɗanku a kai. Ko bai yi daɗi a karon farko ba, ku kawo mu saurara ranar taron kulob.

Daga ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare.