Kafin maigida ya hau keke na kwana biyu



A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan Legas, ta miƙo min takarda da rubutun maigidanta. Abu huɗu ya aiko ta saya: diclofenac katin biyu, tramadol, maganin mura, da gwangwanayen lemon ƙara kuzari. Na ce mata, "Hajiya, wa ba shi da lafiya a gida?" Ta yi dariya ta ce kowa lafiya lau. Alhaji ne ya shiga wata ƙungiyar masu hawan keke ta ranar Asabar, yanzu sun shirya tafiya daga Legas zuwa Ibadan, su kwana, washegari su juyo. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 250. Da na tambaye ta ko yana shan wani magani kullum, sai ta ce yana shan lisinopril da wata ƙwaya mai sa fitsari saboda hawan jini.

Nan na ajiye takardar na ce ta kira min shi a waya. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka yau, domin hawan keke na dogon zango ya fara shiga gidajenmu, musamman a Legas da Abuja, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da likita ya ce su rage ƙiba suka rungume shi. Abu ne mai kyau ƙwarai, ban zo hana kowa ba. A Turai ma tsohuwar al'ada ce. Tun 1891 ake tafiyar Faris zuwa Brest da dawowa a Faransa, kilomita kusan 1,200, kuma a yau ana ba mahayi awa 90 ya kammala. Kafin a yarda ka shiga sai ka nuna ka yi ta kilomita 200, da 300, da 400, sannan ta 600 wadda ake yi cikin awa 40. Wato su ma da suka daɗe a harkar ba sa faɗa wa tafiyar kwana biyu da ka, hawa-hawa suke bi.

Mu fara da maganin ciwo, don nan ne haɗarin ya fi girma. Idan kana taka keke cikin rana na awanni, jini yana karkata zuwa tsoka da fata, wanda ke isa ƙoda ya ragu, ga kuma ruwan jiki yana fita ta gumi. Ƙoda tana da hanyar da take buɗe jijiyoyinta don ta ci gaba da samun jini a irin wannan hali. Diclofenac da ibuprofen da danginsu wannan hanyar suke toshewa. Idan aka haɗa su da lisinopril da ƙwayar fitsari, an taru wa ƙoda ta fuska uku a lokaci guda, ga rashin ruwa na huɗu. Mutum na iya fita gida garau ranar Asabar, ranar Talata a ce ƙodarsa ta samu matsala. Ga kuma gyambon ciki da waɗannan magunguna kan tayar. Idan ciwo ya matsa, farasitamol ya fi sauƙin illa, amma babba kada ya wuce giram 4 a awa 24. Ka duba kwalin maganin murarka, yawancinsu akwai farasitamol a ciki, sai ka ninka ba ka sani ba. Wasu kuma akwai sinadarin da ke sa barci, irin na Piriton, wanda bai dace da mai raba titi da tirela ba.

Tramadol kuwa ban ba da shi ba, kuma ba a bayar da shi sai da takardar likita. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana rage saurin hankali, yana iya jawo farfaɗiya, ga kamu. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun watan Maris na 2019, kuma a 2022 aka soke sakamakon Nairo Quintana, ɗan ƙasar Kolombiya da ya zo na shida a babban tseren Faransa, saboda an same shi a jininsa. Ciwon gwiwa ko na baya saƙo ne jiki ke aiko maka cewa sirdi bai daidaita ba ko ka wuce ƙarfinka. Idan ka danne shi da ƙwaya, raunin yana nan yana ƙaruwa.

Sai batun ruwa. Kowa ya san illar ƙishirwa, amma kaɗan ne suka san cewa yawan shan ruwa zalla ma yana kisa. Gumi yana fita da gishiri. Idan ka yi ta ɗura ruwa fiye da abin da jiki ya fitar, gishirin jini sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta fara kumbura. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu, ruɗewa, daga nan suma. Wani bincike da aka yi kan masu gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka a 2002 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa. Matsalar ita ce alamun sun yi kama da na ƙishirwa, sai abokan tafiya su ƙara wa mutum ruwa, abin ya ƙazanta.

To yaya za ka san daidai? Ka sha idan ka ji ƙishirwa, kaɗan-kaɗan, ba wai ka shanye lita biyu a tsaye ba. Tun lokacin atisaye ka auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Idan ka dawo nauyinka ya ƙaru, ka sha fiye da kima. Ka riƙe gora biyu, ɗaya ruwa, ɗaya ruwan gishiri da sukari. Ƙullin ORS da muke ba yara masu gudawa yana da arha kuma yana aiki, ka dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ya tambayi likitansa tukuna kan gishirin da kuma ƙwayar fitsarin, kada ya daina magani da kansa.

Abinci kuma, makamashin da jiki ya tara a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. Idan ya ƙare, ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu. Don haka ka fara ci tun awar farko, kada ka jira yunwa. Ana son giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya da dabino biyar ko shida sun kai ka. Burodi da zuma, dafaffen dankalin Hausa, kunu, duk suna yi. Tsire da soyayyen abu ka bar su sai dare. Kada ka gwada sabon abinci ranar tafiya. Lemon ƙara kuzari kuwa akwai sinadarin kafin a cikinsa, irin na kofi da goro. Kaɗan ba laifi, amma gwangwani huɗu ko biyar za su sa zuciya bugawa da sauri, su hana ka barcin da rana ta biyu ta dogara a kansa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa a hanya ko cikin dare, sai ya zauna da likita kafin ranar, ya kuma tafi da na'urar awo.

Daren tsakiya shi ne rabin tafiyar. Da isarka ka cire wandon keken, ka yi wanka, ka busar da jiki, ka ci shinkafa ko tuwo da nama ko ƙwai, ka kwanta da wuri. Washegari ka sa wani wando mai tsabta. Gogayyar sirdi da gumi suna saluɓe fatar matsematsi, sai ƙuraje su biyo baya. Basilin ko man zinc kafin hawa yana taimakawa. Kada ka shafa irin man nan mai haɗi uku a kan fata mai rauni.

Akwai alamun da idan ka gan su tafiya ta ƙare, ko saura kilomita goma: ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, suma, fitsari mai kalar lemon kola ko rashin fitsari gaba ɗaya, da mutum ya fara surutai ko tangaɗi. Wanda ya ruɗe cikin rana jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Haka mai jinin AS, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya ke da shi: yawanci ba ya damun kowa, amma tsananin wahala da zafi da rashin ruwa na iya tayar da shi, don haka ya tafi a hankali. Mai SS kada ya shiga sai da yardar likitansa.

Uwargida, ke ma da naki aikin. Ki rubuta masa sunayen magungunansa da lambar wayarki a takarda, ki sa a aljihun rigarsa. Ki tabbatar akwai hular kwano da fitila gaba da baya, ki kuma tambaya ko mota za ta bi su a baya.

Alhajin nan dai bai ji daɗin maganata ba da farko. Ya ce abokansa duk suna shan diclofenac ba abin da ya same su. Na ce masa, "Yallaɓai, su ba na san abin da suke sha da safe ba, naka na sani." Daga ƙarshe Hajiya ta tafi da ORS, da farasitamol kati ɗaya, da basilin, da filasta, shi kuma ya yi alkawarin ganin likitansa ranar Laraba a auna jininsa kafin ya biya kuɗin tafiyar.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.