Waiwaye: Wata Biyun Hadijatou a Gidan Kaso

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani kan jaka 240 na sefa, tana 'yar shekara 12. Wahaya ta zama a gidan wani mutum a yankin Ƙonni: ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai aikin gida da na gona da haihuwa. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba inda za ta, ai matarsa ce. Ta fice, ta auri wanda ranta yake so. Ya kai ƙara, kotun Ƙonni ta yanke mata wata shida a 2007, wai ta yi aure kan aure. Wanda ya saye ta yana gida yana shan furarsa, ita aka rufe.

Ta yi kusan wata biyu a ciki. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata har gaban kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kotun da ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. An yi ta murna. Abin da aka fi mantawa shi ne kotun ba ta ga laifin ɗaurin ba, tunda alƙali ne ya yanke. Wato da doka aka rufe ta, kuma masu neman a daina ɗaure mata, a kan dokar ya kamata su sa ido.

Mu dawo gida, yankin Magariya. Macen Sassumbrum da shari'a ta kai Magariya, wa ke bin bayanta? Namiji in an kama shi, 'yan'uwa kan yi karo-karo, a kai masa tuwo da sabulu. Mace kuwa sai a ce ta jawo abin kunya, a yi shiru, goyonta ya bi ta ciki, manyan yaran su watse gidajen dangi.

Ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun ce mai ciki da mai ƙananan yara a nema mata wani hukunci ba ɗauri ba, sai in laifin babba ne. Sai an sami mai tashi gaban alƙali ya nemi hakan. Nijar kuma ta bar CEDEAO a Janairun 2025, ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe. Saura kotun Magariya, da lauyan da zai yarda ya taso daga Damagaram.