A Kai Gizo Makaranta

Da wuya a sami yaron Hausa wanda bai taɓa jin labarin Gizo da matarsa Ƙoƙi ba. A Gusau da Tsafe da Bungudu, kamar sauran garuruwan Zamfara, da dare ne tsofaffi kan tara jikoki a tsakar gida su yi musu tatsuniya. Amma yanzu talabijin da wayar hannu sun shiga gidaje da yawa, a waɗansu ƙauyuka kuma tsoron 'yan bindiga ya rage hirar dare. Tatsuniyar da aka daina faɗi kuwa ba ta daɗewa, gama ran da tsohuwar da ta san ta ta rasu, sai ta tafi da abarta. Saboda haka ya kamata makarantu su ɗauki tatsuniyoyin nan su mai da su wasan kwaikwayo, yara su yi, iyaye su zo kallo.

Kwaikwayo dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. In azumi ya kwana goma, yara kan fita tashe. Wani ya manna auduga a haɓa, ya riƙe sanda, ya zama tsoho. Wani ya ɗauko saiwoyi da ganyaye ya zama Jatau mai magani. Bayan girbi kuma samari kan yi wasan kalankuwa, su naɗa sarki da alƙali a cikinsu. Har a rubuce ma Zamfara tana da rabonta. A shekarar 1949 aka buga littafin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda ya koya wa mutane amfanin tsabta.

Waɗansu iyaye sukan ce tatsuniya ƙarya ce, wasa kuwa ɓata lokacin karatu ne. Gaskiya ne, kura ba ta magana, Gizo kuma bai taɓa yin aure ba. Amma haɗamar kura da yaudarar Gizo halayen mutane ne, ana gamuwa da su kullum a kasuwa. Yaron da ya ga kura ta sha kashi saboda kwaɗayi ba zai manta ba, gama gani ya kori ji. Wanda aka ba shi matsayin sarki kuwa, tilas ya karanta maganarsa, ya haddace ta, ya tsaya gaban jama'a ya faɗa da ƙarfi. Ashe ke nan karatu ya yi, ya kuma rabu da rawar baki.

Ba lalle ne a bar tatsuniya yadda aka same ta ba. Sau da yawa Gizo yakan cuci dabbobi ya tsira. To, malami yana iya tambayar yara, in da an kai Gizo gaban alƙali, wane hukunci ya dace da shi? Sai su shirya shari'ar da kansu, wannan ya kawo ƙara, wancan ya ba da shaida. Ta haka za su koyi auna magana da sanin adalci.

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Inuwar itace ta isa dandali, tsohon zane ya isa alkyabba, da kwali da gawayi za a yi fuskar kura. Da rana za a yi, ranar ba da hutu, kowa ya koma gida kafin magariba. Abin da ya rage ga ɗan makaranta shi ne ya je wurin kakarsa ya roƙi tatsuniya ɗaya, ya rubuta ta, ya kai wa malaminsa.