An Rufe Jakara Da Titi, Wa Zai Toshe Bakin Ƙazantar?

Jama'a, mun daɗe muna kai ruwa rana a kan titin Wuju-Wuju: wa ya fara, wa ya yi watsi da shi, wa ya dawo da shi. Tarihi dai ba ya ɓuya. A zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe Jakara zuwa Kwarin Gogau a shimfiɗa titi a sama. Duk ɗan cikin gari da ya san sauron Jakara da ambaliyar damina ya san aiki ne na alheri. Amma tsakani da Allah, akwai tambayar da har yau ban ji sojojin baka na kowane ɓangare sun yi ba: ruwan da ke gudana a ƙarƙashin kwaltar, me ke cikinsa, kuma ina yake zuwa?

Bari in bi mana sawunsa. Jakara ta taso daga cikin badala, ta ratsa gefen Kasuwar Kurmi, ta fita ta nufi Fagge. A nan kusa da Ƙofar Mazugal Abbatuwa take, inda ake yanka shanu da raƙuma da awaki kullum safiya. Jini, kashin tumbi, kitse da ruwan wankin kayan ciki, kwata ce ke kwashe su ta miƙa wa Jakara. Ka ɗora ruwan tsamin masu awara, da na injinan markaɗe, da na masu figar kaji. Can gaba rafin Getsi ya iso da nasa kason daga masana'antun Bompai, su haɗu su zarce madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir.

To a hanya fa? A Kwakwaci da Nomansland da Gama, da wannan ruwan masu lambu ke ban ruwan salak da kabeji da alayyafo. Salak kuwa ba a dafa shi. Abin da muka zubar a kwata shi ke dawo mana a faranti, an yanka masa tumatir da albasa an barbaɗa ƙuli.

Ruwa ba ya tsami banza. Jini da kashin tumbi idan suka ruɓe a ruwa, ƙwayoyin halitta ne ke cin su, suna shanye iskar da kifi ke shaƙa. Shi ya sa ruwan ke baƙi yana wari. Kuma ba duka ke wucewa ba, wani yana tsatsafowa cikin ƙasa a hankali. Rijiyoyin gidajen cikin gari ba su da zurfi, famfo kuma kowa ya san halinsa, don haka rijiya da burtsatse da 'yan garuwa su ne madogarar talaka. Ranar da amai da gudawa ko taifot suka shigo unguwa, sai mu ce iska ce ke kaɗawa.

Kada wani ya ce mana babu doka. Tun 2007, zamanin marigayi 'Yar'aduwa, aka kafa hukumar NESREA, a 2009 kuma ta fitar da ƙa'idojin masana'antun abinci da abin sha, waɗanda suka wajabta tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi. Jiha ma tana da Ma'aikatar Muhalli da REMASAB. Takarda ba ita muka rasa ba, mai zartarwa muka rasa. A 1858, da warin kogin Tems ya addabi 'yan majalisar Ingila a zaurensu na Landan, cikin 'yan makonni suka yi dokar gina manyan magudanan birnin. Namu 'yan majalisar sun yi sa'a, warin Jakara bai kai ofisoshinsu ba.

Na san abin da za a ce: wai za a kashe wa mahauta da masu ƙaramin ƙarfi kasuwa. Wannan magana ce ta mai neman mafaka. Ba wanda ya ce a bi mai awara da tara. Babban kifi ake fara kamawa. Shi kuma jinin da ake zubarwa kuɗi ne: a tara shi, a dafa, a shanya, ya zama abincin kaji. Kashin tumbi taki ne, har gas na girki ana samu daga gare shi. Mahauci ba maƙiyin tsafta ba ne, wurin zubarwa ne ba a tanadar masa ba, alhali ana karɓar kuɗin shiga a kan kowace dabba.

Ga abin da ya kamata mu matsa a kai, mu da ke da baki a wannan tafiya. A gina wa Abbatuwa matattarar jini da tankunan tace ruwa, a bar Sarkin Fawa da ƙungiyar mahauta su kula da su. Duk kamfanin da ke sakin ruwa a Getsi ya nuna matatarsa tana aiki, in babu a garƙame ƙofar, ko na waye. A riƙa gwada ruwan rijiyoyin unguwannin bakin Jakara, a liƙa sakamakon a ƙofar mai unguwa kowa ya gani. Masu lambu kuma a haƙa musu rijiyoyin ban ruwa, kada a kore su da yunwa.

Wanda zai ce na taɓa gwamnati ko na taɓa jagora, ya sani gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Titi ana ƙaddamar da shi da almakashi da kyamara, tankin tace ruwa kuwa ba ya kyau a hoto, shi ya sa ba mai rububinsa. Amma yaron da ya sha ruwan rijiya a bakin Jakara bai san jar hula ko tsintsiya ba, cikinsa kawai ya sani. Duk mai neman ƙuri'armu, daga kansila har gwamna, mu tambaye shi a bainar jama'a me zai yi da ruwan Jakara, kuma yaushe.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tuna musu.