Ɗaga A-kori-kura a Bahri: A Tsaya a Inci Biyu

Duk wanda ya san titunan Bahri da damina ba zai zargi direban da ya kai Hilux ɗinsa, wadda Sudanawa ke kira boksi, wajen bakanike a ƙara mata tsayi ba. Ruwa na kwanciya a unguwanni tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, balle yanzu da kwalta ta farfashe. Mota mai tsayi tana tsallake rami da taɓo, cikinta bai goga ƙasa ba, ta kai buhunan albasa kasuwa lafiya. Amma ni dai ina ganin ana wuce gona da iri. In aka jibga sifirin, aka sa manyan tayoyi, nauyi ya koma sama. A shan kwana ɗaya da kaya a baya sai motar ta kife. Birki yana jinkirin kamawa, farfela ta karkace tana cin kuros, mai kuwa sai ƙarin sha, ga tsadarsa. Abin da ya fi damuna shi ne mai raksha, wato keke mai ƙafa uku: fitilar boksin na dallare masa ido, bambarta kuma daidai ƙirjin fasinjansa take. Inci biyu da shakazoba mai kyau sun ishi mai neman abinci a hanyar unguwar Shambat.